Tsakanin Sauƙi da Waraka: Jinyar Kafaɗar Maharbi

Kalmar “jijiya” tana daga cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya mai yawa. Da ita yake kiran hanyar da jini ke bi, da ita yake kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da ita kuma yake kiran farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Wanda ya saba da ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934, ya san wannan tarin ma'ana. A aji, batu ne na ilimin ma'ana da ake tattaunawa a wuce. A ɗakin likita kuwa, lokacin da aka shaida mini cewa jijiyar kafaɗata ta dama ta yage kuma sai an yi tiyata, batun ya koma tambayar ko zan sake ɗana kibiya a rayuwata. Abin da nake son bayyanawa a nan shi ne yadda na shirya wa wannan aiki, da yadda na yi jinyarsa, da kuma abin da na fahimta a tsakani: majinyaci da harshensa yake jinya, kuma idan harshen bai bambanta masa sauƙi da waraka ba, zai iya warware aikin da likita ya yi masa da hannunsa.

Yadda baka ke cin kafaɗa

Na shiga harbi ta ƙofar bincike. Lokacin da nake tattara bayanai kan al'adun maharba domin digirina na biyu, wani dattijo mai riƙe da sarautar Sarkin Baka a ƙauyensu ya ce ba zai yi mini bayanin abin da hannuna bai taɓa ba. A wurinsa na koyi yadda ake zaɓen kyauro a miƙar da shi, da yadda maƙeri ke fitar da kunnuwan kibiya, da matsayin kwankwani a haɗin dafi. Daga baya na sayi baka irin na wasanni, wanda ake harbi da shi a gasar Olamfik daga nisan mita 70, na riƙa kwatanta su.

Bambancinsu ya wuce na kira. Maharbin gargajiya da sanɗa yake cin nasara: yana matsawa kusa da nama, ya ja, ya saki nan take, dafi ya ƙarasa sauran aikin. Mai bakan zamani kuwa yakan ja tsarkiya har ta taɓa haɓarsa, ya riƙe na wasu daƙiƙoƙi yana auna allon harbi, sannan ya saki, kuma yakan maimaita haka sau ɗari ko fiye a zama guda. Bakana yana buƙatar ƙarfin da ya kai nauyin kilo 16 kafin ya kai haɓa. Wannan nauyi duk a kan gaɓar da ta fi kowace sakewa a jikin ɗan'adam yake sauka.

Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, kamar dai ƙwarya a kan gammo. Abin da ke hana ƙwaryar gocewa tsokoki huɗu ne da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka yi wa kan ƙashin ƙawanya. Ɗaya tana sama, biyu suna baya, ɗaya tana gaba. Ta saman ita ce mai taimakawa wajen ɗaga hannu gefe, kuma ta wani matsattsen wuri take bi, ƙarƙashin wata rumfa ta ƙashi. Ga matsi, ga ƙarancin jini kusa da inda ta kama ƙashi; saboda haka ita ta fi saurin lalacewa, ita ce kuma ta yage a kafaɗata.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin maharba. Jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Mary Rose ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, kuma masu binciken ƙasusuwan mutanen cikinsa sun ga sauye-sauye a kafaɗun wasu da suka danganta da jan dogon baka tun ƙuruciya. Mu ma tarihinmu cike yake da 'yan baka. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda akasarinsu a ƙasa suke, su ne suka karya dawakin Gobir. Muna da labarin kibiyoyinsu da nasararsu. Abin da jikinsu ya ɗauka kuwa, da yadda suka yi jinyarsa, da sunayen da suka ba ciwon, yana cikin abin da ya kamata a nema a bakin jikokinsu tun suna raye.

Daga maɗori zuwa likita

Ciwon ya fara ne da dare. In na kwanta a ɓangaren dama sai ya tashe ni. In zan gyara hula sai hannu ya tsaya a tsakiyar hanya da wani irin suka. Bisa al'ada, iyaye suka ce a fara kai wa maɗori. Dattijon ya lalubi kafaɗar da yatsunsa, ya juya hannun gaba da baya, sannan ya ce, “Ɗana, ƙashinka lafiya lau. Ba karaya, ba tsagewa, ba gocewa, kuma targaɗe ba ya daɗewa haka. Wannan na jijiya ne, ba nawa ba ne.” Hoton ƙashi da aka ɗauka a asibiti ya gaskata shi. Sai da aka yi hoton maganaɗisu, wanda ke nuna nama da jijiya, aka ga yagewar da ta ratsa kaurin jijiyar gaba ɗaya.

Na daɗe ina tunanin jawabin maɗorin. Cikin numfashi ɗaya ya jero sunaye huɗu na lalurar ƙashi da gaɓa, kowane da maganinsa da wa'adinsa. Da ya zo kan abin da ba ƙashi ba, sai kalma ɗaya ta rage masa. Ilimin ɗori ya bunƙasa ne a kan abin da yatsa ke iya taɓowa, harshe kuma ya bi sawunsa. Muna da “agara”, amma a bakin yawancin mutane ta tsaya a kan jijiyar dunduniya. Sakamakon haka, duk wanda na gaya wa cewa jijiyata ta yage, da abin da yake fahimta: wani ya ɗauka jini ke zuba a ciki, wani ya ɗauka shanyewar hannu ce ke tafe, wani kuma ya kawo mini man shafawa.

Likitan ƙashi bai yi gaggawar yanka ba. An yi wata uku ana gashi da motsa jiki, domin mutane da yawa, musamman manya da ba sa aikin ƙarfi, suna rayuwa da irin wannan yagewa ba tare da tiyata ba. Amma jijiyar da ta rabu da ƙashi ba ta komawa da kanta, tsokarta kuma takan janye ta rame in aka daɗe. Ga mai shekara talatin da 'yan kai da ke son ci gaba da jan baka, shawara ta tsaya a kan ɗinki.

Shiri

Abu na farko da na zaɓa shi ne lokaci. Farauta sana'ar rani ce; sai an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, maharba ke shiga daji, kuma a lokacin ne aikina na fili yake. Don haka na nemi a yi tiyatar a farkon damina, watannin zaman gida su faɗa lokacin da malamaina ke gona. Na kuma kauce wa watan azumi, saboda magungunan da ake sha a kan sa'a a makonnin farko.

Na biyu shi ne shirin jikin kansa. Mai gashin ƙashi ya bayyana mini cewa kafaɗar da ta shiga tiyata a sandare takan fito a sandare, don haka muka dage da motsa ta a hankali da ƙarfafa tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa biyu. An auna jini da sukari, an tambaye ni ko ina shan taba, domin taba da ciwon sukari suna rage saurin kamuwar jijiya da ƙashi.

Na uku, wanda babu takardar asibiti da ta ambata, shi ne shirin zama Bahaushe marar hannun dama. Da dama muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke bayarwa da karɓa. Hagu kuwa an keɓe mata aikinta. Mako uku kafin ranar na soma koya wa hagu cin tuwo da cokali, da rubuta 'yan kalmomi, da ɗaura mazagi. Na je wurin malaminmu na unguwa na tambayi hukuncin alwala da wanka da sujada ga wanda hannunsa ke rataye. Ya ce, “Malam, lalura tana da hukuncinta. Abin da ka iya ka yi, abin da ya gagara ka shafa a kan ɗauri ko ka yi taimama, sujada kuma in dogara da hannu zai cuce ka, ka yi salla a zaune.” Tufafi ma sai da aka sake lale. Jallabiya da kaftani suna buƙatar ɗaga hannu sama, saboda haka na koma ga 'yar shara mai buɗaɗɗen gefe da riguna masu maɓalli a gaba. Na tanadi matasai da yawa, domin an gargaɗe ni cewa kwanciya a miƙe za ta gagara, na kuma yi magana da mai sayar da ƙanƙara ya riƙa aiko mini kullum, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

Bakan zamani na kwance shi na sa a jaka. Na gargajiya kuwa na mayar wa Sarkin Baka ajiya. Ya karɓa, ya sassauta tsarkiyar, ya ce baka ma in ba a aiki da shi ba a barinsa a ɗane.

Ranar aiki da makonni shida na farko

Aikin kansa bai kai awa biyu ba, kuma ni ban san an yi ba. An yi mini allurar barci, an kuma yi wata a gefen wuya da ta kashe hannun baki ɗaya har washegari. Ba a tsaga kafaɗar ba. 'Yan ƙananan ƙofofi aka huda, aka zura kyamara siririya ta ɗaya, kayan aiki ta sauran. An kankare wurin da jijiyar ta tashi a jikin ƙashi, aka kafa ƙananan ƙusoshi masu zare, aka jawo jijiyar aka ɗinke ta a mazauninta. Na farka hannuna a cikin maratayi, da ɗan matashi a hammata da ke tokare shi daga jiki.

Dare na biyu, bayan allurar wuya ta sake ni, shi ne mafi tsanani. Daga nan ciwo ya riƙa ja da baya. A zaune na yi barci kusan wata guda. Umarnin likita ɗaya ne: kada tsokar da aka ɗinke ta yi aiki ko kaɗan. Mai gashi ne ke ɗaga hannun ya sauke, ni kuwa aikina in saki jiki. Motsin da aka yarje mini shi ne in sunkuya, in bar hannun ya yi lilo da nauyin kansa. Ana danganta wannan motsi ga Ernest Codman, likitan tiyata na birnin Boston a Amurka, wanda littafinsa kan kafaɗa ya fito a 1934, shekarar da ƙamusun Bargery ya fito.

A mako na huɗu na gane inda haɗarin yake. Ciwo ya kusa ƙarewa, ƙofofin da aka huda sun rufe, an cire zare. Masu zuwa dubiya suna tambaya, “Ya jiki?” ni kuma ina ba da amsar da al'ada ta tanada, “Da sauƙi.” Amsar gaskiya ce, sai dai mai ji yana fassara ta da waraka. Wani kawuna ya dubi maratayin ya ce, “Kai kuwa har yanzu kana fama da wannan abu? Ai motsa hannu za ka riƙa yi, kada ya mutu.” Shawararsa daidai take da ilimin ɗori: in ƙashi ya kama, ciwo ya tafi, a kwance karare a soma aiki. Jijiya kuwa ba haka take ba. A wannan lokaci zare da ƙusa ne kawai ke riƙe da ita. Kamuwarta da ƙashi tana ɗaukar kimanin mako 12, ƙwarinta kuma yana ci gaba da ƙaruwa watanni bayan haka. Ɗinkin da ke warwarewa, yawanci a cikin watannin farkon nan yake warwarewa, kuma yana iya faruwa ba tare da wani babban ciwo da zai faɗakar da mutum ba.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa kawu wannan da kalmomin asibiti, abin bai shiga ba. Wanda ya warware mana shi ne Sarkin Baka, da ya zo dubiya a wannan rana. Ya saurara, sannan ya ce da kawu, “Alhaji, ɗanyen ɗauri ne. In na naɗa ɗanyar fata a kan baka, ido zai ga ta zauna, amma ban isa in ja ba sai ta bushe ta kama itacen. Wanda ya ja ta ɗanya, ta zame, kuma ba ta sake zama kamar da.” Kawu bai sake maganar maratayi ba. Abin da takardar asibiti ta kasa isarwa, jimla uku daga sana'ar harbi sun isar.

Komawa ga baka

Bayan mako shida aka cire maratayi. Hannun ya rame, ya sandare, kamar na aro. Muka shiga mataki na biyu, inda hannu ke ɗaga kansa amma ba ya ɗaukar kaya: tafiyar yatsu a jikin bango, ɗaga sanda da hannu biyu ina kwance, jan igiya da aka rataya a ƙofa. Na sa alama da alli a bango, kowane mako ina ganin ta hau da faɗin yatsa biyu ko uku. Ranar da na kai loma baki da hannun dama, da ranar da na miƙa wa liman hannu bayan salla ba tare da neman afuwa ba, sun fi mini alamar allin daraja. Babur kuwa na ƙaurace masa har wata huɗu, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta mayar da aiki baya.

Daga mako na 12 aka fara ƙarfafawa da roba mai laushi, sannan mai tauri. A nan ne sanin harbi ya yi wa mai gashi amfani, sanin gashi ya yi wa maharbi amfani. Na nuna masa yadda ake ja, ya tsaya a bayana ya ɗora yatsu a kan allon kafaɗata, ya ce nauyin ja ya kamata ya sauka a kan manyan tsokokin baya, gwiwar hannu ta zagaya, kafaɗa ta zauna ƙasa kada ta hau wajen kunne. Da na kai wa Sarkin Baka wannan bayani sai ya yi dariya ya ce, “Mu cewa muke a ja da gadon baya, hannu ɗan aike ne.” Ilimi ɗaya ne a bakuna biyu, sai dai ɗaya an rubuta shi, ɗayan yana ƙirjin tsofaffi.

A wata na shida likita ya ba ni izinin taɓa baka. Na fara da roba ina kwaikwayon ja, sannan da bakan koyo mai nauyin kilo 7, kibiya 12 a rana daga nisan mita 10, ina hutawa kwana guda a tsakani. Ƙa'idar da muka ajiye ita ce duk ciwon da ya kwana ya wuni, a koma matakin baya. Yanzu ina wata na tara, ina jan kilo 11 daga mita 18. Ko zan koma kilo 16, lokaci ne zai nuna, kuma ban ɗaura wa kaina rana ba. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa. Bakan gargajiya, da yake ba a riƙe shi a ja, ya fi yi wa kafaɗar daɗi, kuma da shi na fita daji da malamaina a ranin nan.

Abin da ya rage mana

Na fito daga wannan jinya da kafaɗa mai aiki da kuma damuwa guda da ta shafi fagenmu. A layin sashen gashi na zauna da manoma da magina da masu dako da mata masu daka, waɗanda kafaɗa ce jarinsu. Yawancinsu da Hausa kaɗai ake yi musu bayani, cikin 'yan mintoci, da kalmar “jijiya” da ba ta fayyace komai ba. Wanda bai fahimci dalilin hana shi ɗaukar buhu ba alhali ba ya jin ciwo, zai ɗauka, domin akwai bakunan da ke jiran abinci a gida. In ɗinkin ya warware, kuɗin da aka sayar da dabba ko gona aka biya sun tafi, aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya.

Aikin samar da kalmomin kimiyya da cibiyoyinmu suka daɗe suna yi ya fi karkata ga aro da fassara daga sama. Abin da na gani ya nuna akwai wata rijiya da ba mu ja ruwanta sosai ba, wato bakin masu sana'a. Mahauci yana rarrabe sassan nama da jijiya da sunaye, domin kullum wuƙarsa na bi ta kansu. Maɗori yana da matakan kamuwar ƙashi. Baduku da maharbi sun san halin fata ɗanya da busasshiya. Daga wurinsu za a iya faɗaɗa “agara” ta ɗauki duk jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, a bar “jijiyar jini” da “jijiyar saƙo” su tsaya da ƙafafunsu, a kuma ba matakan jinya sunayen da majinyaci zai riƙe: ɗanyen ɗauri, kamu, ƙwari. Wannan aiki ne da sashen Hausa da sashen gashin ƙashi na jami'a ɗaya za su iya yi tare, su gwada kalmomin a bakin marasa lafiya kafin su shiga ƙamus.

Ni dai na soma nawa ɓangaren. A tambayoyin da nake yi wa maharba yanzu na ƙara babi a kan jiki: ina ne ke ciwo bayan farauta, me ake kiran ciwon, wa ake kai wa, kwana nawa ake ajiye baka. Dattawan da suka san amsoshin nan ba su da yawa, kuma mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara sittin.